Munduwar da Kaka Ya Ƙi Bayarwa

Allah Ya yi wa kakana, mahaifin Umma, rasuwa wata Laraba bayan azahar, a gidan da muke haya a Waziriyya. Kafin magariba an kai shi. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta a garin nan, don haka sai da mijina ya dawo na tambaye shi a ina aka sa tsohon. Ya ce, "Wallahi ko gobe kika aike ni ba zan gane wurin ba. Duwatsu ne iri ɗaya, ba suna." Na san haka ake yi, a Jidda aka haife ni, amma sai na ji kamar an sake yi mini rasuwar. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan, duk da gajiyar da ke jikina. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, wataƙila wata rana a sami mai karanta musu.

An yi zaman makoki, wanda a nan muke ce wa aza. Maza suna kan kujeru a bakin titi, mu mata mun cika falo har ƙofar kicin. Kowacce ta shigo sai ta ce ya haƙuri, ta karɓi gahawa, ta zauna. Ba a jimawa sai a ɗauko labarinsa, kuma duk labarin na ƙarfe ne.

Wata tsohuwa mai sayar da yaji a Bab Makka ta ce, "Tukunyar da nake dafa wake har yau, shi ya liƙe mini gindinta. Na miƙa masa abin hannuna ya ce in tafi kafin ya ɓata rai."

Wata ta ce, "Allah Ya jiƙansa, amma fa akwai taurin kai. Maigidana ya taɓa kai masa buhun wayar jan ƙarfe, ya tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda. Daga ina? Wa ya ba ka? Shi kuma a ina ya samo? Da ya ce a wajen 'yan sikirab masu tsince-tsincen ƙarfe ya saya, sai tsohon ya ce yalla, kwashe kayanka."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Wata sa'ata ta ce, "Mu da muna yara Baba Mai Bam muke ce masa. Mun ɗauka taɓin hankali ne." Ta kama bakinta, ta dube ni, ta ce in yafe mata.

Umma ba ta yi dariya ba. Tana gefe da carbinta, idonta a bushe. Da mutane suka ragu sai ta kira ni ta ce, "Ina gwangwanin?"

Na ce, "Yana saman kwaba."

"In an share makoki ki sauko mini da shi. Kayan uwata ne. Zan sa a hannuna, in ga mai hana ni yanzu."

A cikin gwangwanin nan akwai munduwa guda ta jan ƙarfe. Kaka ne ya ƙera wa matarsa, mahaifiyar Umma, kuma ya mutu yana zargin munduwar ce ta kashe ta. Tun kafin a haife ni Umma take roƙonsa ya ba ta yana ƙi. Ni kuma, ana saura 'yan kwanaki ya cika, ya riƙe hannuna ya ce kada in bari ta hau hannun kowa. Haka na yi zaman makokin nan a tsakanin uwata da gawa, ban san wanda zan saɓa wa ba.

Maƙeri ne ɗan maƙeri, mutumin Damagaram. A tsohuwar unguwarmu ta kudancin Jidda yana da 'yar warsha, wato shagon aiki, a jikin gida, inda yake gyaran tukwane da murhu da ƙofofi. Gajere ne, hannuwansa sun fi ƙarfin jikinsa, kuma bai iya magana a hankali ba saboda guduma ta cinye masa kunne. Yaran Jidda Sidi suke ce wa kakansu. Ranar da na gwada kiransa haka ya ce, "Sidin wa? Ni mijinki ne, amarya, kuma tuwonki ba ya daɗi." Ina da shekara biyar lokacin. Har na haifi nawa 'ya'yan bai daina kushe mini girki ba, bai kuma taɓa rage ko loma ba.

Dokarsa ɗaya ce a warsha, ya ce daga ubansa ya gaje ta. Ƙarfe in yana ja, ba mai taɓa shi, ko jariri ya san wuta. Hatsarin yana lokacin da jan ya tafi, ƙarfen ya koma baƙi kamar ya huce, alhali zai iya ɗaye maka fata. Don haka duk abin da ya ciro daga wuta ya ajiye a ƙasa, sai ya ɗebi toka ya zagaye shi, ya ɗaga murya ya ce, "Da zafi!" Ko ba kowa a wurin sai ya faɗa. Mun sha kwaikwayonsa. In Umma ta sauke shayi sai mu haɗa baki mu ce da zafi, ita kuma ta harare mu, don ba ta son jin kalmar. Ta ce da ita aka raba ta da uwarta.

Labarin hamada kuwa ba ya ba da shi sai ya ga dama. Yana saurayi fari ya kore su daga gida, ya bi motocin arewa, ya wuce Agadas ya shiga ƙasar Aljeriya neman aiki. Can cikin hamada akwai wani dutse da Faransawa suka riƙa fasa bam ɗin nukiliyarsu a cikinsa don gwaji. Shi bai ga fashewar ba. Kullum sai ya nanata wannan, don yara sun fi son ya ce ya gani. Ya isa ne bayan sun tattara sun tafi. Abin da ya tarar shi ne abin da suka bari: ganguna, kwanon rufi, motoci rabinsu a cikin rairayi, da wayar jan ƙarfe mai kaurin yatsa a shimfiɗe iyakar ganinka. Ba mai gadi. Shingen ma mutane sun riga sun kwashe.

"An ce akwai allo da rubutu," in ji shi. "To wa zai karanta? Ke amarya, ki ajiye maƙeri a gaban jan ƙarfe kyauta, me kike zaton zai yi?"

Ya ƙera butocin shayi, zobba, cokula, mundaye. Buzaye suka saya, Larabawa suka saya. Da abin da ya samu ya auri 'yar wani mutumin garinsu da ke zaune can, ya kuma ɗauki niyyar Makka. Wayar da ta fi kowacce kyau ita ya ware wa amaryarsa. Ya ce bai taɓa ƙera abin da ya kai munduwar nan kyau ba, kuma tun da ya sa mata ba ta cire ba.

Ciwonta a Sudan ya soma, suna jiran jirgin ruwa, Umma tana goye. A Jidda ya tsananta. Rama, jiri, jini a dasashi. An yi rubutu, an sha zamzam, an je asibiti, ba wanda ya faɗa masa sunan ciwon da zai gane. Ta rasu Umma ba ta daɗe da yaye ba. Ya cire munduwar ya adana a akwati, da nufin ranar auren 'yarsa ya sa mata.

Shekaru suka wuce. Wata shekara lokacin aikin Hajji wani alhaji daga wancan yankin ya kawo buta gyara, hira ta kai su ga dutsen. Mutumin ya ce ai waɗanda suka rufa ɗakunansu da kwanon nan ciwon daji ya bi su, wasu sun makance, an haifi yara ba daidai ba. Ya ce akwai guba a jikin ƙarfen wadda ido ba ya gani, wuta ba ta ƙone ta, wanki ba ya fitar da ita. Ranar Kaka ya rufe warsha da rana tsaka. Ya naɗe munduwar da dalma, don an ce masa dalma tana tare abin, ya sa a gwangwanin madara, ya haƙa rami a ƙarƙashin uwar maƙera ya binne, ya shafe da siminti.

Daga ranar ya daina karɓar ƙarfen da bai san asalinsa ba, kuma ya yi asarar ciniki mai yawa a kan haka. Wani lokaci yana cikin shan shayi sai ya ajiye kofin ya ce, "Butocin da na ƙera suna can. Yanzu haka wani yana zuba wa baƙonsa." Sai shayin ya huce a gabansa.

Da auren Umma ya zo ta tambayi munduwar, ya hana. Ba ta da hoton uwarta, ba ta tuna fuskarta, ba zane, ba zobe. Ta ce masa, "Baba, Allah Ya ɗauke ta, ku kuma kun binne ɗan abin da ya rage. A kan maganar wani alhaji da ba likita ba?" Ya ce, "Da zafi." Iyakar amsar da ta samu ke nan. Kada wani ya ɗauka ta yi masa rashin kunya. Ita ta yi masa girki da wanki bayan babanmu ya rasu, ita ta yi jinyarsa. Amma duk ranar Sallah in ta durƙusa gaishe shi sai ta ce, "Baba, kayana," shi kuma ya dubi bango. Na tashi ina ganin wannan kamar yadda ake ganin yankan rago, abu ne da ake yi kowace shekara. Kuma in faɗi gaskiya, sau da yawa ina bayan Umma.

Yana da rediyo da ba ya rabuwa da ita, saboda labari ɗaya tak. Ina 'yar makarantar firamare wata rana ya fito daga warsha da gudu, abin da ban taɓa gani ba, ya tare mai sayar da balila, dafaffen waken nan da ake sa wa tsami, ya ce a zuba wa duk yaron da ke lungun. Muka tambayi ko haihuwa aka yi. Ya ce, "Ƙasashen duniya sun sa hannu. An hana gwajin bam. Halas, an gama!" Mu dai muka sha balila. Shi ya koma ya zauna a bakin warsha yana share ido da hularsa.

Bayan shekaru da yawa muka yi maƙwabtaka da wani likita ɗan Najeriya da ya zo aikin kwantiragi, a sashen ɗaukar hoton ƙashi yake. Mutumin kirki ne, yakan zo bayan la'asar su yi hira da Hausar gida. Shi ne ya warware wa Kaka abin da rediyo ba ta gama faɗa ba.

"Baba, sa hannu daban, zartarwa daban. Sai kowace ƙasa ta koma gida majalisarta ta amince, ta mayar da abin dokarta. Da yawa sun yi. Amma akwai wasu manya da dole sai da su, kuma har yanzu ba su yi ba. Don haka yarjejeniyar tana nan a rataye, ba ta fara aiki sosai ba."

Kaka ya ce, "Kana nufin balilata ta tafi a banza?"

"Ba a banza ba, Baba. Yawancinsu sun daina gwajin. An kafa na'urori ko'ina, in wani ya fasa za a ji."

"To, madalla. Sun kashe wuta, Allah Ya saka musu. Amma wanda suka riga suka ajiye a ƙasa fa? Wa ya zagaye shi da toka?"

Likita ya kau da zancen. Suka koma hirar tsadar albasa. Daga baya duk lokacin da rediyo ta ambaci maganar sai Kaka ya ce, "An ɗaura auren, amarya ta ƙi tarewa. Ni dai na tsufa a bakin ƙofa." Tun yana faɗa da dariya har ya koma faɗa ba dariya.

Sai rusau ya zo unguwarmu. Aka yi wa bangaye jan fenti, aka ba mu wa'adin tashi. Kowa yana ta kansa, wannan na neman mota, wancan na neman kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya gyara masa takardun iƙama, wato izinin zama, kafin ya sami hayar wani gida. Kaka ko a jikinsa, har sai da ya ga 'yan sikirab suna bin gidajen da aka riga aka rushe a layin baya, suna zaro rodi da waya daga cikin ɓaraguzai suna lodawa a mota. Ya tsaya yana kallonsu. Ya ce mini, "Amarya, haka muka yi. Haka ɗin nan muka yi." Ya san in ya bar gwangwanin, wani zai tsinta, a narka, a ƙera wani abu, wata ta sa.

Da safe ya ɗauki kurfi da guduma ya durƙusa a inda uwar maƙera take. Ya haura tamanin lokacin. Na ce ya bari mijina ya zo, ya ce shi ya binne shi zai tono. In ya buga sau kaɗan sai ya huta, ni ina kwashe ɓaraguzan da hannu, ƙura ta cika mana baki. Sai wajen azahar gwangwanin ya fito, ya yi tsatsa amma bai huje ba. A cinyarsa ya riƙe shi a mota har Waziriyya, ya hana kowa zama kusa da shi. Warshar da ya yi rabin rayuwarsa a ciki bai ko waiwaye ta ba.

A sabon gida ba ƙasar da za a haƙa, bene ne. Kai shi wajen hukuma kuwa, wa zai fara? Mutumin da zamansa a ƙasa ya rataya a kan iƙama ba ya shiga ofis da gwangwani a hannu ya ce nukiliya ce a ciki. Gwangwanin ya hau saman kwaba, Umma tana wucewa ta gabansa safe da yamma.

Likita da ya zo ganin sabon gida ya ji labari, ya ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Muna da na'urar aunawa a wurin aiki. Zan nemi izini in kawo, a ɗora a kai, nan take mu sani. Kuma ku sani, zai yiwu ba komai a jikinta. Zai yiwu ciwon marigayiya Hajiya daban ne." Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Alhamdu lillahi. Baba, kun ji." Kaka ya ce a'a. Aka yi juyin duniya ya ce a'a. Ranar ce kaɗai na ga Umma ta ajiye masa abinci ba ta ce masa komai ba.

Ni ma haushi ya kama ni. Bayan likita ya tafi na same shi na ce, "Kai tsohon nan, me ke damunka? Shekara da shekaru kana kuka ba wanda ya auna hamada, yau an zo auna gwangwani ɗaya ka ƙi?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, shi da bai iya magana a hankali ba, "In ya ce da guba, ni na kashe ta da hannuna. In ya ce babu, na cuci uwarki a banza tun tana budurwa. Wanne kike so in kwanta da shi?"

Ban sake tayar masa da maganar ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi a kan katifa kusa da taga, rediyo a kunne. Wata rana aka ce wasu manyan ƙasashe suna maganar komawa gwaji. Ya miƙa hannu ya kashe, ya ce in ɗauke ta in ba yara su yi wasa. Bai sake tambayar labarin duniya ba. Ya gaji, kuma ya faɗa da bakinsa. Ya ce, "Amarya, na gaji da gadi."

Washegarin share makoki, da hantsi, Umma ta shimfiɗa tabarma a falo ta ce in sauko da shi. Na tsaya. Na tuna hannunsa a kan nawa. Amma uwata ce, tana gab da sittin, ta yi jiran da ya isa. Na hau kujera na sauko da gwangwanin, ina roƙon Allah Ya sa tsohon ya yafe mini.

Da bakin cokali ta ɓalle murfin. Ta warware dalmar, ta warware wani tsumma a ciki. Munduwar ta yi duhu, amma zanen da ya yi mata yana nan, siriri, mai kyau ƙwarai. Umma ta yi bisimilla, ta tattara yatsunta ta tura. Ba ta wuce yatsu uku ba.

Ta ce, "Wannan ai ta yara ce."

Na matso na duba, ban taɓa ba. Irin munduwar nan ce mai buɗaɗɗen baki, wadda ake matsewa daidai hannun mai ita. Bakinta biyu sun haye juna, sun zarce sosai. A bayanta ga sawun guduma a jere, wani kusa da wani, kowanne inda aka ƙara matse ta. Na girma a bakin warsha, na san hannunsa. Umma ma ta sani.

Ta daɗe tana bin sawun da ido. Ta ce, "Tana ramewa tana zame mata. Shi kuma yana matse mata don kada ta faɗi."

Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ba ta ɗaga murya ba. Tana cewa, "Baba, ba ku faɗa mini ba. Baba, ai da kun faɗa mini." Ni kuma ina tunanin mutumin da ya zauna da wannan shi kaɗai, yana tuna kowane bugu, ana ce masa Mai Bam a lungu.

Zanen ya ja ni. Na ce bari in ɗan riƙe ko sau ɗaya, in ji nauyin abin da kakata ta ɗauka. Na miƙa hannu. Umma ta buge mini shi, bugu mai zafi irin wanda rabona da shi tun ina yarinya.

Ta ce, "Da zafi."

Ita ta naɗe ta da kanta, ta mayar da dalmar, ta danne murfin da gindin taɓarya. Gwangwanin yana saman kwabar ɗakinta yanzu, ba ta barin jikokinta su shiga sai tana nan. Ba a auna ba har yau.

Ya Allah, ga bawanka maƙeri ya zo maka a gajiye. Ka yafe masa abin da ya ƙera bai sani ba, Ka sanyaya masa makwanci, Ka haɗa shi da matarsa da lafiyayyen hannunta.